Mun Hau Dutsen Annabi Musa, Mun Sauko Ta Gidan Ruhubanawa

Makon nan na ajiye zancen girki da ɗinki, na zo muku da labarin wata tafiya da na yi da ƙafata a ƙasar Masar cikin watan Disamba na 2024. Abin da ya sa na tono shi yanzu kuwa, wata yarinya ce 'yar ajina ta zo mini da kuka, wai an ce da ita a gida karatun ya isa haka nan, mace ba ta da inda za ta kai shi. A lokacin na rasa abin da zan gaya mata. Da na koma gida sai wannan dutse ya faɗo mini a rai, shi da waɗansu mata uku da suka riga ni zuwa can. Ku yi haƙuri ku biyo ni, za mu zo kansu.

Yayana yana karatu a Azhar, a birnin Alƙahira, tare da iyalinsa. Na je musu hutu, sai wata rana ya ce zai kai mu mu ga dutsen da Larabawa ke kira Jabal Musa, watau wanda mu ke ji a bakin malamai da sunan Ɗuri Sina, 'yan'uwanmu Kirista kuwa su ce Dutsen Sina'i. Matar Yaya ta ce, "Mu mata ina mu ina hawan dutse? Sai ka ce awaki!" Amma da gari ya waye ita ta riga kowa ɗaure kaya.

Daga Alƙahira tafiyar ta fi kilomita 400. Mota ta bi da mu ta wani rami da aka haƙa ƙarƙashin mashigin Suwez, muka ɓullo cikin hamada, muka yi ta tafiya har ƙasa ta soma tashi, duwatsu jajaye suka rufe mu dama da hagu. Da magariba muka isa ɗan garin da a ke kira Sant Katrin. Garin ya fi Jos tudu, gama ya kai mita 1,500 bisa teku. Ke da kin taɓa kwana a Jos da hunturu, to, ki ninka wannan sanyi, sa'an nan ki ƙara masa iska. Har dusar ƙanƙara ta kan sauka a can.

Bari in faɗi wani abu tun da wuri, kada wata ta kai ni ƙara gun malaminta. An ambaci dutsen a Alƙur'ani, a Suratut Tin da waɗansu wurare, amma masana sun yi saɓani a kan ko wannan ne ainihin inda Allah ya yi magana da Annabi Musa, alaihis salam. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, fiye da shekara 1,600 ke nan mutane suna hawan wannan dutse saboda wannan labari.

Dutsen yana da hanya biyu, kuma dukansu daga gindin gidan ruhubanawa su ke tashi. Ɗaya ita ce hanyar raƙuma, mai faɗi, tana ta karkacewa tana hawa sannu sannu. Ɗayar kuwa matakala ce ta duwatsu wadda ta miƙe tsaye, an ce taki 3,750 ne daga ƙasa zuwa ƙololuwa. Masu hankali su kan hau ta hanyar raƙuma su sauko ta matakala, su zagayo ke nan su dawo inda suka tashi, ba tare da sun maimaita hanya ba. Haka muka yi. Ba aikin 'yan tsere ba ne. Duk macen da ke iya zuwa rafi da tulu ta komo, in ƙirjinta da gwiwarta lafiya, za ta iya.

Da ƙarfe 2 na dare muka tashi, domin mu riski fitowar rana a bisa. Ba a hawa sai da ɗan jagora, kuma jagororin 'yan wata ƙabila ce ta Larabawan ƙauye da a ke kira Jabaliyya, watau mutanen dutse. Musulmi ne. Su da kansu suna cewa kakanninsu Sarkin Rum ne ya aiko da su su yi tsaron gidan ruhubanawa tun sa'ad da aka gina shi, daga baya suka musulunta, amma ba su bar maƙwabtakar ba har yau. Namu jagoran wani siririn saurayi ne, ga rawani, ga tocila, tafiya ya ke kamar bisa tabarma.

Hanyar raƙuman nan wani mai mulkin Masar ne ya sa aka yi ta, Abbas Basha, wanda ya yi sarauta daga 1848 zuwa 1854. Ya so ya gina fada a waɗannan duwatsu saboda kyawon iskarsu, ya mutu ba a gama ba. Kangon na nan bisa wani dutse kusa, hanyar kuwa ta amfani jama'a.

To, a nan zan tona wa kaina asiri. Yaya ya ce in sa takalmin kambas da safa biyu. Na ce ni na ƙare kwalejin horon malamai, na karanta labarin ƙasa, na san abin da na ke yi. Na sa wani sabon takalmi da na saya a kasuwar Alƙahira saboda kyansa. Ba mu yi sa'a guda ba diddigena ya saluɓe. Na yi shiru don kunya, ina ɗingishi a duhu, sai matar Yaya ta haska ni da tocila ta ce, "Malama, labarin ƙasar ne ya cije ki?" Ta buɗe jakarta ta ciro tsohon kambas ɗinta na wanki, da auduga, da filasta. Ashe ta zo da su tun daga gida domin ta san halina. Na sa, ban ce uffan ba. Ke mai karatu, in za ki tafiya mai nisa da ƙafa, ko da zuwa ƙauyen kakanninki ne, sa takalmin da ya riga ya saba da ƙafarki.

Bayan haka tafiya ta yi daɗi. Sama fal taurari, kusa kusa, kamar ka miƙa hannu ka tsinko. In ka waiga sai ka ga tocilolin mutane sun yi layi suna lanƙwasa a jikin dutse. Jifa jifa akwai 'yan rumfuna na Jabaliyya inda a ke sayar da shayi da biskit, da benci a zauna a huta. Masu raƙuma kuwa ba su barinka sakat, kowane kwana sai ka ji an ce, "Jamal, jamal!" Raƙumin kan zo maka a duhu ba motsi, sai dai ka ji numfashinsa bisa kafaɗarka. Jagoranmu ya ce in raƙumi ya zo mu matsa jikin dutse, kada mu matsa wajen rami. Wadda ta gaji tana iya hawa, ba abin kunya ba ne, amma a gama ciniki tukuna kafin a hau.

Sai dai raƙumi ba ya kai kowa ƙarshe. Akwai inda hanyar ta ƙare, ta haɗu da matakala, daga nan saura taki 750, kuma kowa da ƙafarsa, da mai kuɗi da talaka. Kai, waɗannan su ne aikin! Duwatsu ne aka jera, wani gajere, wani sai ka ɗaga gwiwa har ƙirji. Ga iska ta yi ƙaranci saboda tudu, taki ashirin sai ka tsaya kana haki. Akwai wata tsohuwa Baturiya a gabanmu da sanda biyu, tana tafe tana addu'a da harshensu. Duk sa'ad da na ce zan zauna sai in dube ta in ji kunya. A rumfar ƙarshe mai shayi ya sirka mana ruwa muka yi alwala, muka karɓi hayar barguna, muka ƙarasa. Wajen sa'a uku da rabi muka yi tun daga ƙasa.

Tsawon dutsen mita 2,285 ne, watau ƙafa 7,497. A ƙololuwarsa gini biyu ne ƙanana suna duban juna: ɗan coci da aka sāke ginawa a 1934 bisa kangon wani tsoho, da ɗan masallaci. Muka yi sallar asuba, muka ƙudundune cikin bargo muna jira. Ga Girkawa, ga mutanen Koriya, ga Misirawa, har na ji waɗansu suna Yarbanci a bayana. Da gabas ta soma ja sai kowa ya yi tsit. Duwatsun nan da mu ke gani baƙi ƙirin suka koma ja, suka koma ruwan zinariya, jere jere har iyakar ganin ido, ba itace, ba gida, ba hayaƙin kowa. Daga kudu ga Dutsen Katrin ya ɗara mu, shi ne mafi tsawo a Masar duka, mita 2,629. Na duba matar Yaya, mai yawan ba'a, na ga hawaye a fuskarta. Ta ce iska ce.

Da ƙarfe 7 muka juyo. Bayan taki 750 ɗin nan sai muka bar hanyar raƙuma muka gangara wani ɗan fili a tsakiyar duwatsu, mai suna Farsh Iliya, inda a ke cewa Annabi Iliyasu ya taɓa ɓuya. Akwai wani tsohon itace dogo siriri a tsakiya, shi kaɗai kore a wannan jeji na dutse. Daga nan matakala 3,000 ta soma. Ruhubanawa ne suka jera ta da hannunsu, suna kiranta matakalar tuba. Ana wuce ƙofa biyu na dutse masu baka. A ta ƙasa, an ce dā wani baruhube mai suna Istifanus ya kan zauna, ba ya barin kowa ya wuce sai ya faɗi zunubinsa. Ni dai na ce da Yaya nawa zunubin na daren jiya takalmi ne, kuma na riga na biya.

Ku ji gaskiya, saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Kada kowa ya bi wannan matakala da dare ko bayan ruwa, kuma mai ciki ko mai ciwon gwiwa ta koma ta hanyar raƙuma abinta. Amma wadda ta iya, ladanta na gaba. Ana cikin gangara tsakanin bango biyu na dutse, kwatsam sai ga gidan ruhubanawa can ƙasa cikin kwari, ɗan mitsitsi kamar akwatin lefe, ga ganuwa, ga lambun zaitun a gefe. Kuma daga nan bisa ido ya kan rarrabe hasumiya biyu kafaɗa da kafaɗa cikin ganuwar, ɗaya ta ƙararrawa, ɗaya fara ta kiran salla. Sa'a biyu muka yi muna saukowa, muka isa daidai ana buɗe ƙofa.

Ruhubanawa dai maza ne Kirista da suka bar aure da dukiya suka keɓe don ibada. Na nan 'yan ɗarikar Girkawa ne, baƙaƙen riguna, dogayen gemu. Sarkin Rum Justiniyan, mai mulki a birnin da yanzu a ke kira Istambul, shi ya sa aka gina musu wannan gida tsakanin shekarar 548 da 565. Ku lura, kafin haihuwar Manzon Allah ke nan, sallallahu alaihi wa sallam, kuma tun ran nan ba a taɓa rufe shi ba. Dā saboda tsoron mahara, baƙo da kayan abinci da igiya a ke jawo su bisa ta wata taga a jikin ganuwa. Tagar na nan. Sunan Katrin kuwa daga baya ya samu. A labarinsu, wata budurwa ce mai ilmi ta birnin Iskandariya wadda ta kā da masanan sarki a muhawara, aka kashe ta saboda addininta. A 2002 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

A ciki an nuna mana wani itace mai sarƙaƙiya da ƙaya, wanda su ke cewa tsatson wanda Annabi Musa ya ga wuta a jikinsa ne, da wata rijiya da su ke dangantawa da inda ya shayar wa 'yan mata biyu dabbobinsu. Masallacin da na ce muku tun zamanin Faɗimawa ya ke, mumbarinsa na katako yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1106. Akwai kuma wata takarda da ruhubanawan ke ji da ita ƙwarai. Sun ce alkawarin amana ne da Manzon Allah ya ba kakanninsu, kada a taɓa su ko ɗakin ibadarsu. Ta asali, in ji su, Sarkin Turkawa Salim ya tafi da ita Istambul a 1517 ya bar musu kwafi. Masana tarihi ba su haɗu a kan ingancinta ba. Amma sarakunan Musulmi bi da bi sun girmama ta, gidan kuwa ga shi tsaye. Na daɗe a gabanta ina tunanin garuruwanmu da unguwa ta rabu biyu, maƙwabci ba ya iya shiga lungun maƙwabcinsa.

Yanzu bari mu zo kan matan nan uku.

Ta fari sunanta Ijeriya. Daga can yammacin Turai ta taso, ana zaton ƙasar Sifen, ta zo nan wajen shekarar 383, tun ba a yi ganuwar ba, sai 'yan bukkokin ruhubanawa da ɗan coci. Ta hau wannan dutse da ƙafarta, ba hanyar Abbas Basha, ba mai shayi. Abin da ya fi burge ni, da ta sauko sai ta zauna ta rubuta wa 'yan'uwanta mata na gida duk abin da ta gani, da Latin, kamar yadda na ke rubuto muku yau. Rubutun ya ɓace ƙarnuka, sai a 1884 aka tsinci wani sashe nasa a garin Arezo na ƙasar Italiya. Yau duk mai son sanin yadda wurin nan ya ke a wancan zamani, sai ya nemi wasiƙar wannan mace. Maza nawa suka hau tare da ita? Wa ya san sunansu? Ita ta iya rubutu.

Sauran biyun tagwaye ne 'yan ƙasar Sikotilan, Agnes da Margaret, an haife su a 1843. Uwarsu ta rasu suna jarirai. Ubansu ya yi musu wani alkawari mai ban sha'awa: duk ƙasar da suka koyi harshenta zai kai su su gan ta. Haka suka tashi da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, daga baya suka ƙara Girkanci da Larabci. Dukansu sun yi aure, dukansu mazan suka rasu. A 1892, suna da shekara 49, lokacin da a garinmu a ke cewa mace ta zauna ta yi goyon jikoki, sai suka hau raƙuma, kwana tara cikin hamada, suka zo gidan nan. Agnes ta riga ta koyi Suryaniyanci musamman domin wannan tafiya. Ruhubanawa suka ji mata suna yi musu Girkanci tsantsa, suka amince da su, suka buɗe musu wani ɗan ɗaki mai duhu cike da tsofaffin littattafai.

A nan Agnes ta ɗauko wani littafi na fata, ya yi dauɗa, ganyayensa sun manne har sai da aka sa tururin butar shayi aka raba waɗansu. Labarun mata masu ibada ne a rubuce. Amma da ta ƙura ido sai ta ga wani rubutu dushi dushi a ƙarƙashin na bisa. Kun san yadda almajiri ke wanke allo ya sāke rubutu? To, dā fata tana da tsada, sai a kankare tsohon rubutu a yi sabo a kai, amma inuwar tsohon ba ta gushewa sarai. Na ƙarƙashin nan Linjila ce da Suryaniyanci, wadda aka rubuta wajen shekarar 400, tana cikin mafi tsufa da aka sani a duniya. Suka ɗauki hoton shafuffukan ɗaya bayan ɗaya suka kai gida. A birnin Kambirij su ke zaune, amma jami'ar garin ba ta ba su digiri ba, gama ba ta soma ba mata ba sai a 1948. Jami'o'in waɗansu wurare ne, har da na Jamus, suka karrama su.

Ɗakin karatun gidan yana da littattafan rubutun hannu fiye da 3,000, da Girkanci da Larabci da Suryaniyanci da sauransu. Baƙo irina ba ya shiga, sai dai ya ga kaɗan cikin gilashi a ɗakin nuni. Ba kuwa za a ga laifinsu ba. A 1859 wani Bajamushe ya tafi da littafinsu mafi daraja zuwa Rasha, a 1933 gwamnatin Rasha ta sayar wa Ingila a kan fam 100,000, mafi yawansa yana Landan har gobe.

Wurin yana sākewa. Mun tarar ana ta gine-ginen masaukai da tituna a kwarin, aikin gwamnati na jawo baƙi, kuma a watan Mayu na 2025 wata kotun Masar ta yanke cewa filayen wurin na hukuma ne, ruhubanawa amfani kawai su ke da shi, abin da ya ta da magana har ƙasar Girka. Mai niyyar zuwa ta sani da safe kaɗai a ke buɗe gidan, kafin azahar an rufe, kuma ba a shiga ran Lahadi da ranakun idinsu, saboda haka a tambaya kafin a tsai da rana. Ta riƙe ruwa, da dabino, da suwaita, da safar hannu, kada kuma ta rabu da jagora. A watan Fabrairu na 2014 guguwar ƙanƙara ta rutsa da waɗansu matasa Misirawa a duwatsun yankin, huɗu suka rasu.

Na ba 'yar ajin nawa labarin nan ran Litinin bayan an tashi. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Malama, ai su babansu ne ya yarda." Na ce haka ne. Na aika wa mahaifiyarta cewa ina nan tafe ran Juma'a da la'asar, in Allah ya kai mu, kuma na roƙi matar liman ta raka ni, gama ita a ke jin maganarta a gidan.